Harshen Inna da Ruwan Soda

Ban yafe wa matar da ta koya mana haɗa sabulun ruwa ba, kuma ba na jin zan yafe mata. An yi mini nasiha a kan haka ba sau ɗaya ba, na saurara, na ce na gode. Ita ce ta tsaya a gaban mata cike da aji ta damƙa mana abin da ke cin naman mutum, ta san yana ci, ta ja bakinta ta yi shiru. Abin da ta ɓoye mana ran nan a bakin mahaifiyata ya sauka.

A wani ƙauye kusa da Gwangwan aka haife ni, aure ya kawo ni Turawa. Ban taɓa riƙe biro ba sai bayan rasuwar maigidana, na shiga makarantar manya a Karaye da furfurata a ka. Na sha wuya kafin in iya karanta katin asibiti ba tare da na roƙi kowa ba, kuma da na iya, abin ya hau mini kai. Duk abin da na gani a rubuce sai in ɗauka ya fi wanda na ji a bakin tsofaffi. Wannan laifina ne, ban ɗora shi a kan kowa ba.

Inna, mahaifiyata, ba ta taɓa taka ƙofar aji ba. Amma tun ina yarinya ban san an sayo abin wanke-wanke a gidanmu ba. Gindin tukunya, toka da yashi ne maganinsa. Kwano ya yi tsatsa, ta jiƙa tsamiya ta goge. Ƙarnin kifi ko na nama, ɓawon lemon tsami. Ɗaki da bayan gida kuwa ganyen darbejiya take dafawa ta yayyafa ruwan kafin shara. Babban aikinta shi ne sabulun toka. Bayan kaka za ta tara totuwar masara da ɓawon gyaɗa, ta ƙone su a wuri mai tsabta. Ta zuba tokar a tsohuwar tukunya mai huji a gindi, wadda ta shimfiɗa wa ciyawa da tsumma, ta zuba ruwa a kai, ya yi ta ɗiga cikin kasko har ya taru. Wannan ruwan za ta dafa da man gyaɗa ko kitse, tana juyawa da muciya, har ya kama jikinsa ta mulmula.

Ba ta da ma'auni sai harshenta. Za ta ɗebi ruwan tokar da ludayi, ta kurɓa kaɗan, ta juya shi a baki, ta tofar. Idan lami ne ta ce bai farka ba. Idan ya ɗan ciji gefen harshe, na miya ne. Idan ya ja mata baki har ta runtse ido ɗaya, to ya isa sabulu. Haka uwarta ta yi, haka duk matan ƙauyenmu suke yi, kuma shekara da shekaru bai taɓa yi mata komai ba.

Duk jikarta da za ta haihu, da sabulunta ake wankan jego, da shi ake wanke tsummokaran jariri. Ta ce na kanti ƙuraje yake feso wa jinjiri. A shekarar da nake magana 'yar farina ce ta dawo gida goyon ciki, ya yi nauyi. Inna ta sa yayana ya kawo ta a babur tun daga Gwangwan, da buhun totuwa ɗaure a baya, da ludayinta a cikin ƙullin kaya.

"Ke mai tulu," ta ce wa jikar tata tun daga zaure, "har yanzu ba ki sauke ba? Ko ni kike jira?"

"Ke nake jira mana, tsohuwa. An ce hannunki da albarka, tsiwarki ce dai ta yi yawa."

"Da tsiwar na raini uwarki. Matsa in wuce, kin cika hanya."

A makon ne aka sanar a makarantarmu cewa wata ƙungiya ta turo malama daga birni, za ta yi kwana uku tana koya wa mata haɗa sabulun ruwa da maganin wanke bayan gida. Na je da littafina da birona, na zauna a layin gaba. Malamar ba za ta girmi 'yata ba. Ta sha lalle har gwiwar hannu, tana magana tana tsarma Turanci. Abin da ta fara tambaya shi ne da me muke wanke-wanke a gida. Wata dattijuwa da ta zo daga Rogo Ruma ta ce da toka.

"Toka?" in ji malamar. "Haba Mama! Ki ɗauki datti ki wanke datti? Daga yau dai kun fita daga wannan ƙazantar."

Aji ya ɗauki dariya. Ni ma na yi, har da tafi. Uwata tana zaune a gidana da buhun totuwarta, ni ina nan ina tafa wa wadda ta kira aikinta ƙazanta.

Ta raba mana kayan haɗin a leda, ƙulli-ƙulli kamar na gishiri da sukari, an rubuta wa kowanne lamba. Lamba ɗaya fari ne, ƙwaya-ƙwaya. Na ɗaga hannu na tambayi sunansa don in rubuta. Ta ce soda ce, kada in wahalar da kaina, lambar kawai zan riƙe. Ta ce kowa ta je gida ta jiƙa lamba ɗaya a bokitin roba ya kwana, gobe za ta nuna mana yadda ake haɗa sauran. Sai ta zura safar roba a hannu ta jiƙa nata a gabanmu. Dattijuwar nan ta tambaya ko mu ma sai mun nemi safa.

"A'a Mama, ni lallena nake tsoro kada ya goge. Shekaranjiya aka yi mini shi."

Muka sake dariya. Tana tattara jakarta ta waiwayo ta ce, "Ku dai ajiye inda yara ba sa kaiwa." Na rubuta har da wannan. Iyakar gargaɗin da ta yi mana ke nan.

Da la'asar na jiƙa nawa. Bokitin ya ɗauki zafi da kansa ba wuta, na yi mamaki, na ce a raina ikon ilimi ke nan. Gidana ba ya rabuwa da yaran maƙwabta. A wajenmu kuwa duk abin da ake ɓoye wa yara ɗakin tsohuwa ake kai shi, daga zuma har maganin ɓera, don ba yaron da ke faɗawa can ba sallama. Na ɗauki bokitin na kai ɗakin da Inna ta sauka, na tura bayan ƙofa, na rufe da faifai.

"Mene ne wannan kuma?" ta ce.

"Ruwan sabulu ne, Inna. Irin ruwan tokarki ne, amma na zamani. Wannan ba sai an ƙona komai ba."

"To," ta ce. "Allah ya sa a dace."

Irin ruwan tokarki. Da bakina na faɗa, ina ɗaga kai.

Washegari da hantsi ina bakin murhu ina sauri in gama koko in tafi aji, sai na ji wani sauti. Ba ihu ba ne, kamar akuya ta shaƙe da igiya. 'Yata ta riga ni isa, da cikinta da komai. Muka tarar da Inna durƙushe a bakin ƙofa, ludayi a ƙasa, tana tofarwa, yawu yana dalala, ta damƙe wuyan rigarta. Leɓenta ya yi fari fat kamar an tafasa shi. Daga baya ne ta gaya mini dalili. Ta ga zan yi sabulu karon farko a rayuwata, ta ce bari ta duba mini ƙarfin ruwan kada ya ƙi kamawa in ji kunya a gaban malama. Taimakona ta tashi yi.

Kafin ka ce me, maƙwabta sun cika gidan. Wannan ta ce a ba ta manja, waccan ta ce nono, wata ta ruga ɗauko zuma. Ni ban san komai ba. Buta na jawo na yi ta zuba mata ruwa a baki tana zubarwa, buta bayan buta, har randa ta kusa ƙarewa. Aka samo mai babur, na rungume ta a tsakiya har Karaye. Ma'aikacin asibitin da ya duba ta tambaya ɗaya ya fara yi: "Ta haɗiye?" Inna ta girgiza kai. Ya ce Allah ya taimake ta, da ya wuce maƙogwaro da maganar ta zama wata. Sabon da ta yi na kurɓa ta tofar shi ne ya kai ta, shi ne kuma ya bar ta da rai. Ya ce ruwan da na yi ta zubawa shi ne daidai. Sannan ya dube ni ya ce ba a gaya mana soda tana huda fata ba, tana makantar da ido? Na ce an ce mu ɓoye wa yara. Ya girgiza kai ya ci gaba da rubutunsa.

Washegari, rana ta uku ta koyarwar, na bar yayana a wajenta na tafi makaranta da ludayin a leda. Cikinsa ya yi baƙi ya yi laushi, kana taɓawa yana saɓulewa. Ranar rufe taro ce. An jera kujeru, ana raba takardar shaida, ana ɗaukar kowace mace hoto da robar koren sabulu a hannu. Ban zauna ba.

"Malama, ina da tambaya."

"Mama, bari a gama hoto tukuna."

"Hoton ya jira. Wannan ludayin uwata ne. Jiya ta kurɓi lamba ɗaya. Tana kwance a asibiti, ko sunana ba ta iya faɗa."

Ta dafe ƙirji ta yi salati. Na ga tsoro a idonta, kuma da a nan ta tsaya, wataƙila da na sauko. Sai ta ce, "Amma Mama, wa yake ɗanɗana kemikal? Ai wannan jahilci ne. Na fa ce a ɓoye wa yara."

"Uwata yarinya ce?"

Na juya wajen matan na ce duk wadda ita ko uwarta ke gwada ruwan toka da harshe ta ɗaga hannu. Dattijuwar Rogo Ruma ce ta fara ɗagawa. Sai hannuwa suka yi ta tashi, har na waɗanda suka fi kowa dariya ranar farko.

"Kin gani?" na ce. "Kin zo garin da ake gwada ruwan sabulu da baki. Kin tambaya da me muke wanki, aka gaya miki, kika mayar da mu abin dariya. Da kin ƙara tambaya ɗaya, da kin ji sauran. Kuma ki bar zancen lalle, don Allah. Kin san abin yana ƙuna, shi ya sa kika sa safa. Me ya hana ki faɗa?"

Ta yi ƙasa da murya. "Da na ce yana ƙuna, rabinku ba za su dawo ba."

"Ai ga shi mun dawo. Yi hotonki."

A nan ne wasu mata biyu suka fito da hannuwansu daga cikin mayafi. Yatsunsu sun saɓule, ɗaya har da ƙaton tabo a tafin hannu, don da hannu ta juya kamar tana dama fura. Kwana biyu suna ɓoyewa. Sun ɗauka su ne ba su iya ba, suna jin kunya kada a ce ƙauyanci ne. Wannan ya fi komai ƙona mini rai a wurin. An ƙone su, kuma su ne masu jin kunya.

Shugaban makarantarmu, dattijo ne mai kirki, shi ya koya mini rubuta sunana, ya matso yana cewa, "Hajiya, a yi haƙuri. Baƙuwa ce. Tsautsayi ne."

"Malam, ina ganin girmanka. Amma tsautsayi shi ne abin da ba wanda ya sani. Wannan ta sani."

Aka kira sunana in karɓi takardar shaida. Na ce su riƙe abarsu. Da na koma gida na haƙa rami can bayan gari, nesa da rijiya, na tuttule bokitin a ciki, na bi da ruwa mai yawa, na rufe da ƙasa.

Bayan 'yan kwanaki aka sallamo Inna. Koko mai sanyi muke ba ta da cokali, kaɗan-kaɗan, tana sha hawaye na zuba ba tare da ta yi kuka ba. Fatar harshenta ta saɓule, wata ta fito. Magana ta dawo, da nauyi, kamar mai ƙwallon goruba a baki. Ɗanɗano ne bai dawo ba. Ranar da ta fara cin tuwo na tambaye ta ko gishiri ya ji a miya. Ta ce, "Ke kika sani. Ni gishiri da sukari duk ɗaya ne yanzu."

Ta daina tsokanar jikarta. Ta daina fitowa tsakar gida sai don alwala. Buhun totuwa yana jingine a bango, kaji suna tsattsagar gindinsa, ko kallonsa ba ta yi. Masu zuwa dubiya suka yi ta zuwa, daga nan da can Gwangwan, kuma labarin da ya zaga ba shi ne abin da ya faru ba. Cewa ake tsohuwa ta ga kemikal ta ɗauka kunu ne ta sha. Har a gabanta wata ta ce, "Ai Iya, tsufa ya zo, sai a riƙa tambaya kafin a kai baki." Matar nan da sabulun Inna aka wanke 'ya'yanta shida. Na raka ta har zaure na ce ta gaida gida, kuma kada ta wahalar da kanta da sake zuwa.

Wata Laraba da la'asar na shiga ɗakin na tarar Inna tana ƙulle kayanta. Ta sa an kira yayana a waya, ta ce ya zo ranar Juma'a ya mayar da ita gida. Watan haihuwar 'yata kuwa ya riga ya kama.

"Inna, ki bari ta sauka mana."

"In zauna in yi me?"

"Sabulun fa?"

"Ku sayi na kanti. Ko ki duba littafinki, ke da kika yi boko."

Ba da gatse ta faɗa ba. Da gatse ne da na ji sauƙi. Na durƙusa a gabanta na ce, "Ni ce na ce miki irin ruwan tokarki ne."

"Ke ma haka aka gaya miki."

"Ba wanda ya gaya mini haka. Ni na ƙirƙira, don in nuna miki na san abin da ba ki sani ba."

Ta dubi ƙullin kayanta. Sannan ta ce, "Ni ce ban tambaya ba. Gaskiya suka faɗa, tsufa ne. Mai sabulun da ba ta jin ruwa, ai ta gama."

Wallahi da ta zage ni, da ta ɗaga hannu ta mare ni da furfurata, da na fi so. Matar da ta yi shekara hamsin tana wanke gidaje da jarirai ba ta ƙone ko yatsan mutum ɗaya ba, ita ce ke zaune tana karɓar laifi. Wadda ta ƙone bakin tsohuwa da hannuwan mata biyu a kwana uku ta koma birni da hotunanta, wataƙila tana wani garin tana raba ƙulli.

'Yata tana jinmu daga bakin ƙofa. Ta ce, "Ni dai tsohuwa, ba za a wanke mini ɗa da koren ruwan nan ba. In kin tafi, da ruwa zalla za a yi, in ya yi wari a ce tattaɓa-kunnenki ne."

A da, da Inna ta ba ta amsar da za ta sa ta gudu. Ran nan cewa kawai ta yi, "Allah ya sauke ki lafiya."

Na fito na zauna a kan turmi na buɗe littafina. Shafi bakwai na cika da maganar baƙuwa a yini ɗaya, lamba ɗaya, lamba biyu, cokali kaza, kofi kaza. Tun da na iya rubutu ban taɓa rubuta layi ɗaya na abin da uwata ta sani ba. Ban san totuwa nawa take ƙonawa ba. Ban san yaushe ake zuba mai ba. Ban taɓa kai ruwan toka bakina ba, don tun ina budurwa nake cewa aikin tsofaffi ne. In ta hau babur ranar Juma'a, na san ba za ta sake ɗora tukunya ba, kuma na san ɗaki za ta shige a Gwangwan ta zauna da sunan wadda ta sha kemikal. Har aka kira magariba ina kan turmin.

Washegari Alhamis, gari yana wayewa, na kira yayana a waya na ce kada ya zo gobe, Inna tana da aiki. Ya ce ita ta faɗa? Na ce ni na faɗa. Na huda gindin wata tsohuwar tukunya da ƙusa, na ari sabon ludayi a maƙwabta, na sa littafina da biro a kan faifai. Na jawo buhun totuwa har ƙofar ɗakinta, na zazzage shi, na ɗauko ashana.

"Inna, ina kwana. Ban ce ki tashi ba. Harshena lafiyarsa ƙalau, ni zan kurɓa in gaya miki abin da na ji, ke ki gaya mini abin da zan yi. Duk abin da kika faɗa kuma sai na rubuta shi. In kin ƙi magana zan yi yadda na ga dama, in ya lalace a ce naki ne."

Na ƙyasta ashana na cusa a ƙarƙashin totuwar, hayaƙi ya fara tashi yana shiga ta labule. Sai na ji tarinta, sannan muryar nan mai nauyi.

"Ke wace irin mahaukaciya ce? A ƙofar ɗaki ake ƙonawa? Za ki turnuƙe mai ciki. Kai bayan rumbu, ki share wurin tukuna, kada ƙasa ta shiga tokar."

Na take wutar da takalmi, na kwashe totuwar a zani, na ɗauki tsintsiya na nufi bayan rumbu.